Wane kebul zan saya wa estanal ɗina? Kwatancen masu arha da masu tsada ga masu aiki da babbar kwamfuta a Kano

Jama'a wannan rubutun na ƴan'uwa ne masu editin a Zoo Road, da masu ɗaukar hoton biki, da masu situdiyon sauti, da duk wanda aikinsa ke zaune a cikin had-disk na waje, wato estanal, kuma kebul ɗinsa ya ɓata ko ya fara wasa. Abin da ke faruwa kullum shi ne mutum ya shiga Farm Centre ko Beirut Road a zube masa kebul kala biyar a kan kanta, wannan an ce arha ne wancan an ce orijina, kawunansu duk iri ɗaya, farashi kuma ya sha bamban, toh ya rasa wanda zai ɗauka. Ni ra'ayina tun daga farko shi ne mafi yawanmu ba ma buƙatar mai tsadar, amma akwai wani irin arha da bai kamata ya kusanci aikin mutane ba sam.

Abubuwan da zan auna kowanne da su

Na farko gudu. Amma fa gudun ba na kebul kaɗai ba ne, abu uku ne ke haɗuwa, disk ɗin kansa, da kebul, da ramin da ka soka a jikin kwamfuta, kuma wanda ya fi rashin gudu a cikinsu shi zai ja sauran ƙasa. Mbps da Gbps ma'aunin gudun data ne da ake rubutawa a kwali, Gbps ɗaya Mbps dubu ne. USB 2.0 da ya fito a 2000 a takarda 480 Mbps ne, a aikace kuma ba ya wuce MB 35 zuwa 40 a sakan. USB 3.0 na 2008 shi ne 5 Gbps, a aikace wajen MB 400. USB 3.1 na 2013 mai 10 Gbps yana kaiwa kusan MB 1000. Thunderbolt 3 na 2015 shi ne 40 Gbps. Shi kuma had-disk ƙarami mai juyawa a ciki, irin na aljihu, ko me ka saka masa ba ya wuce MB 100 zuwa 130 a sakan. Kaga kenan saya masa kebul mai 40 Gbps kamar ka jona ƙaton tiyo ne a famfon da ruwansa ke zuwa a hankali, ba abin da zai ƙaru.

In kana so ka ji a jikinka, ɗauki giga 100 na bidiyon biki. A USB 2.0 sai ka zauna kusan minti 48 kana kallon koren layin nan. A USB 3.0 da had-disk na aljihu wajen minti 15. Da SSD, wato disk na zamani mara juyawa a ciki, a kan 5 Gbps wajen minti 4, a kan 10 Gbps kuma ƙasa da minti 2.

Na biyu wuta, kuma nan ne mutane suka fi mantawa. Ƙaramin estanal ba shi da caja tasa, daga kebul ɗin yake shan wuta. Ramin USB 2.0 yana bada 500 mA (mA ma'aunin wuta ne), na 3.0 yana bada 900 mA, kuma lokacin da disk zai fara juyawa ne ya fi jan wuta. Idan wayoyin da ke cikin kebul sirara ne, ko kuma alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, wutar tana raguwa kafin ta isa, sai ka ji disk yana ƙas, ƙas, ƙas a hankali, fitilarsa na kamawa tana ɗaukewa, kwamfuta ta gan shi ta sake rasa shi. Da yawa a nan suke yanke hukuncin disk ya mutu su fara neman mai gyara alhali kebul ne.

Sai ƙarko, wato yanda kan kebul ɗin zai jure soka da zarewa da ƙurar hunturu da naɗewa a jaka. Sai sauƙin samu a cikin gari. Sai haɗari, ma'ana in abin ya gaza me za ka rasa. Farashi kuwa zan faɗe shi ne ta hanyar kwatanta wannan da wancan, tunda kayan duk na shigowa ne kuma kuɗinsu da dala yake tafiya.

USB-A zuwa Micro-B na 3.0

Wannan shi ne na yawancin ƙananan WD da Seagate da Toshiba, mai faffaɗan kai siriri kamar an manne kai biyu wuri ɗaya. Shi ya fi arha a duk jerin kuma kusan duk shagon kayan kwamfuta za ka same shi. Gudunsa 5 Gbps, ya ishi had-disk mai juyawa har ya yi masa yawa.

Matsalarsa biyu. Ta farko jabu, ana yin kai shuɗi, kalar da aka san 3.0 da ita, a saka wayoyin 2.0 a ciki, don shuɗin roba ba ya da tsada. Ga yanda za ka gane tun a gaban mai shago, kunna fitilar wayarka ka haska cikin babban kan, wanda ake sokawa a kwamfuta. A gaba za ka ga faffaɗan ƙarafa huɗu masu ruwan zinare, ka ƙara leƙawa can ciki, na gaske yana da wasu ƙananan guda biyar a jere a baya, jimilla tara. In huɗu kawai ka gani ka ajiye masa abinsa. Wani jabun har biyar ɗin yana da su amma ba a jona su da komai ba, shi ya sa gwaji ya fi kallo, zan zo kan wannan.

Ta biyu shi ne ramin Micro-B ɗin da ke jikin disk ba shi da ƙarfi, yana saurin sakewa in ana barin disk yana lilo a jikin kebul. Kuma a yawancin ƙananan WD ramin a manne yake da allon disk ɗin kansa, ba wani SATA, wato bakin jona disk na cikin kwamfuta, a ciki da za ka buɗe ka canza akwati, in ya karye sai an kai wa mai gyara ya yi aikin dalma. Don haka kebul mai kai da ke shiga da ƙyar ko mai girgiɗi kar ka yarda da shi ko kyauta ne.

Abu ɗaya da zai taimake ka ranar da ka maƙale, tsohuwar wayar cajin Android mai ƙaramin kai tana shiga rabin ramin nan kuma tana aiki, a gudun 2.0 dai. Ta ciro fayil ɗaya cikin gaggawa ce, ba ta aiki ba.

Tsawo kuma ka tsaya a rabin mita zuwa mita ɗaya. Ana sayar da mai mita uku, amma ga disk mai shan wuta daga kebul gajere mai kauri ya fi.

USB-A zuwa USB-C

Wannan na wanda ya sayi SSD na zamani ne, irin su Samsung T7 ko SanDisk Extreme, amma kwamfutarsa tsohuwar babba ce ta hannu, kamar HP Z440 da ta cika situdiyoyi, wadda ramukanta duk USB-A ne ba ta da USB-C. Farashinsa ya ɗan ɗara na Micro-B kaɗan idan na gaske ne mai ɗaukar data.

Nan ne aka fi cutuwa wallahi, saboda kasuwa cike take da wannan kebul ɗin a matsayin wayar caji. Mafi yawan wayoyin cajin waya, har da masu kyau na kamfanoni sanannu, a ciki USB 2.0 ne, an yi su ne don wuta ba don data ba. Za ka ga kwali an rubuta caji mai sauri da manyan baƙaƙe, wannan maganar wuta ce, ba ruwanta da gudun kwafi. Abin da za ka nema a jikin kwali shi ne 5Gbps ko 10Gbps ko tambarin SS. Kar sunayen su ruɗa ka, USB 3.0 da 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne aka yi ta canza masa suna, 5 Gbps. Gen 2 shi ne 10.

Akwai haɗarin da ya fi rashin gudu. Ƙa'ida ta ce irin wannan kebul sai da ɗan ƙaramin resista mai 56k a cikin kan USB-C ɗin, shi ke hana na'ura jan wutar da ta fi ƙarfin ramin. Wani injiniyan Google mai suna Benson Leung ya yi suna a 2015 wajen gwada irin waɗannan kebul yana fallasa marasa kyau, kuma a 2016 wani kebul da aka jona wayoyinsa ba daidai ba ya ƙona masa kwamfutarsa Chromebook Pixel, a shekarar Amazon ta hana sayar da waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Mu a nan ba wanda ke tace mana abin da ke shigowa, don haka wanda ba suna ba kwali, ana ciro shi daga leda a dunƙule, ni ba zan soka shi a SSD ba.

T7 an rubuta yana kai MB 1050 a sakan, amma a ramin 5 Gbps wajen 400 za ka gani ko da kebul ɗin mai 10 ne. In kana son cikakken gudun a tsohuwar babbar kwamfuta, akwai katin PCIe, wato ɗan allon ƙari, mai ramin USB-C na 10 Gbps da ake sokawa a cikinta, shi ne maganin, ba canza kebul ba.

Sannan ƙaramin kan nan da ake ɗorawa a bakin kebul ya mayar da C zuwa A, ya fi komai arha, amma da yawansu ta fuska ɗaya kawai suke bada cikakken gudu, in ka juya kebul ɗin sai ya koma 2.0. In kana da shi kuma gudun na canzawa ba dalili, gwada juyawa.

USB-C zuwa USB-C mai 10 Gbps

In kwamfutarka tana da USB-C, ko Mac ce, ko sabuwar Dell Precision, wannan shi ne daidai da SSD. Kan USB-C da ya fito a 2014 ya fi Micro-B ƙarko nesa ba kusa ba, ba ya da sama ba ya da ƙasa, ko a duhu ka soka ya shiga. Farashi matsakaici, ya fi na sama biyun, kuma ba kowane shago ke da na gasken ba, sai ka ɗan zagaya ko ka yi oda. Ugreen da Anker da Baseus duk suna yin sa, amma su ma suna da na caji zalla, don haka sunan kamfani kaɗai bai wadatar ba sai ka karanta lambar gudun.

Wani abu da ke ba mutane mamaki, farin dogon kebul C zuwa C na cajar MacBook gudun USB 2.0 yake da shi. Orijina ne, mai kyau ne, amma na caji ne. Haka kebul da aka rubuta 60W ko 100W, wannan lambar wuta ce. Alama ta zahiri ita ce mai 10 Gbps yakan fi kauri da tauri saboda wayoyin da ke cikinsa sun fi yawa, kuma ba ya wuce mita ɗaya a bisa ƙa'ida. In ka ga siriri mai laushi mai mita biyu an ce maka 10 Gbps ne kuma da arha, toh akwai magana.

Akwai kuma mai 20 Gbps da ake kira Gen 2x2. Kwamfutoci kaɗan ne ke da ramin, Mac ma ba ta aiki da shi sai ta dawo da kai 10, kar ka ƙara kuɗi dominsa sai ka tabbatar kana da ramin.

Thunderbolt da USB4

Kansa irin na USB-C ne sak, bambancin na Thunderbolt akwai hoton walƙiya a jiki da lamba kamar 3 ko 4. Shi ya fi tsada, kuɗin guda ɗaya na gaske zai saya maka na Micro-B da yawa, kuma samunsa a gari sai an dace, galibi oda ake yi. Amfaninsa na wanda ke da akwatin NVMe (SSD mai tsananin gudu) na Thunderbolt ne ko babban akwati mai disk da yawa, kuma yana yanka 4K kai tsaye daga kansa. Gajeren Thunderbolt 4 mai santimita 80 yana aiki da duk wani abu mai USB-C, wannan alheri ne. Amma dogon Thunderbolt 3 mai mita biyu, mai ɗan cip a kai, in ka jona shi da SSD na USB zalla galibi komawa yake gudun 2.0, ga tsada ga rashin biyan buƙata. Jabunsa ma ya fi ciwo tunda kuɗin da ka zuba ya fi yawa.

SATA zuwa USB, da akwati, da dok

Wannan na masu tarin disk tsirara ne da aka ciro daga tsoffin laftof. Kebul ɗin SATA zuwa USB yana da arha, kusan sa'an na A zuwa C, kuma yana aiki da ƙaramin disk na inci 2.5 da SSD na SATA, wanda ƙarshen gudunsa wajen MB 550 ne. Ka nemi wanda aka rubuta UASP a jiki, ya fi sauri da SSD. Babban disk na inci 3.5 kuwa ba zai ko motsa ba sai da caja mai 12V daban, USB 5V kawai yake bayarwa, don haka in babba ne sai dok, wato mazaunin da ake soka disk a tsaye, ko adafta mai zuwa da cajarsa.

Haɗarinsa disk ɗin a waje yake, allonsa a buɗe, ga ƙura ga taɓawar hannu, kuma lokacin sanyi da iska ta bushe jikin mutum kan tara ɗan lantarkin nan mai tartsatsi. Don kwafi na ɗan lokaci ba laifi, in kullum ne ƙara kaɗan ka sayi akwati. Mai caja kuma ka jona shi a UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, tare da kwamfutar, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu kwamfuta ta tsaya da rai disk ya mutu, fayil ne zai lalace.

eSATA, wato ramin SATA na waje, ba zan daɗe a kansa ba, wasu tsoffin manyan kwamfutoci suna da ramin, yana da gudu, amma ba ya bada wuta kuma kebul ɗin ya yi wuyar samu. In disk ɗin ba yawo za ka yi da shi ba ma, buɗe kwamfutar ka jona shi a ciki da jan kebul ɗin SATA, ba abin da ya kai wannan arha da kwanciyar hankali.

| Kebul | Gudu a takarda | Farashi | Ƙarko | Samu a Kano | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| A zuwa Micro-B 3.0 | 5 Gbps | mafi arha | ramin na saurin sakewa | ko'ina | jabu mai shuɗin kai, ƙarancin wuta |
| A zuwa C | 5 ko 10 Gbps | arha | mai kyau | akwai, amma na caji sun fi yawa | a ba ka na 2.0, ko mara resista |
| C zuwa C | 10 Gbps | matsakaici | mai kyau sosai | sai an zagaya | ruɗuwa da lambar wuta |
| Thunderbolt ko USB4 | 40 Gbps | mafi tsada | mai kyau sosai | galibi oda | asarar kuɗi a jabu |
| SATA zuwa USB | 5 Gbps galibi | arha | matsakaici | da sauƙi | disk a buɗe, babba sai da 12V |

A ina za a saya

Kasuwa ta fi min oda a kan abu ɗaya, gwaji. Je da laftof ɗinka da disk ɗin, ka ce wa mai shago maigida zan gwada kafin na biya, mai gaskiya ba zai hana ka ba. Kwafi fayil ɗaya babba, kamar bidiyo mai giga uku ko huɗu, ka duba lambar da Windows ke nunawa. In ta tsaya a MB 30 da wani abu a sakan, 2.0 ne ko me aka rubuta a kwali. Ana cikin kwafin ka ɗan taɓa kan kebul ɗin a hankali, in ya yanke kar ka saya. Wanda ke son lamba tsaf ya saka CrystalDiskMark, masu Mac kuma Blackmagic Disk Speed Test, duka kyauta ne. Amma fayil ɗin gwajin ya zama wanda kana da kwafinsa a wani wuri, kar ka gwada sabon kebul da bikin mutane.

Akwai hanyar da mutane ke rainawa, orijina na hannu. Masu gyaran kwamfuta suna tara kebul ɗin da suka zo da estanal ɗin da suka mutu, disk ya tafi kebul lafiyarsa ƙalau, gajere mai kauri wanda kamfanin disk ɗin ya zaɓa da kansa. Sau da yawa ya fi sabo ɗan leda kuma kuɗinsa bai kai ba. Duba dai wuyan kan bai tsage ba.

Oda ta Jumia ko Konga ko AliExpress tana da amfani ga C zuwa C mai 10 da Thunderbolt, saboda za ka karanta lambar gudun da idonka ka ga abin da masu saye suka ce. Sai dai jira, da kuɗin kawowa da wani lokaci ya kai kuɗin kebul ɗin, gara ku haɗu ku uku huɗu a situdiyo ku yi oda ɗaya.

In ka kai gida ka soka a ramukan bayan kwamfuta, sun fi na gaba tsayayyiyar wuta, kuma kar ka bi ta hob, wato mai raba rami ɗaya zuwa da yawa, mara caja. In linzaminka mara waya ya fara tsalle bayan ka jona disk, ba lalacewa ya yi ba, siginar USB 3.0 tana damun 2.4 GHz, Intel ta yi bayanin haka tun 2012, matsar da ɗan kan linzamin zuwa rami mai nisa, kebul mai rufin ƙarfe mai kyau a ciki ma yana rage abin.

Wa ya dace da wanne

In ɗalibi ne kai ko mai shagon buga takardu, estanal ɗinka na aljihu ne mai juyawa, ɗauki A zuwa Micro-B gajere mai ƙarafa tara, na hannu orijina in ka samu, ka sayi biyu ɗaya ya zauna a jaka.

Mai hoton biki da ke da SSD da tsohuwar babbar kwamfuta, A zuwa C mai rubutun 5Gbps ko 10Gbps daga kamfani mai suna, a cikin kwalinsa. In aiki ya ƙaru ka ga MB 400 ta fara yi maka kaɗan sai ka saka katin PCIe ka koma C zuwa C.

Edita mai Mac ko sabuwar kwamfuta da ke yanka fim daga kan SSD kai tsaye, C zuwa C mai 10 Gbps wanda bai wuce mita ɗaya ba, ka ɗaura masa ɗan salatif mai kala don kar ya gauraya da na caji, yara a situdiyo ba sa bambancewa.

Thunderbolt sai in akwatin disk ɗinka da kwamfutarka duka suna da hoton walƙiyar, kuma gajere za ka saya.

Mai gyara da mai tarin tsoffin disk na finafinan baya, dok mai caja 12V da ke ɗaukar babba da ƙarami, a kan UPS, da ƙaramin SATA zuwa USB guda ɗaya na fita aiki waje.